Jitar farko da amfilifaya: N200,000 gare ni, me zan saya a Jos?

Ɗan Farin Gada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma zan so wanda ya taɓa riƙe abin da hannunsa ya ba ni amsa.

Ni ɗan Unguwar Rogo ne a nan Jos, shekarata 23, ina yi wa maigidana rubutun kwandunan tumatir da buhunan kabeji a kasuwar Farin Gada. Wata goma ke nan ina zubin adashi, ranar Juma'ar da ta wuce kwasa ta zo kaina, N200,000 cif. Jita nake son saya. Wanda ya sa min son ta wani direban babbar mota ne mutumin Nijar da ke kawo mana albasa. Idan ana sauke kaya yakan buɗe ƙofar mota ya saki kiɗan Buzaye na Agadas, ni kuwa sai in tsaya da biro a hannu ina saurare. Wannan sautin mai kaifi da ke zuba kamar yayyafi a kan kwanon rufi, shi nake son in iya. Na tambaya aka ce min jita mai amfani da wuta ce, kuma ba ta magana sosai sai da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti.

Jiya na shiga wani shago ta wajen Taminus. Mai shagon ya sauko min da wata ja mai ƙyalli, da amfilifaya da jaka da kebul da maratayi, duk a kwali ɗaya, ya ce N175,000 ba ragi. An rubuta sunan wani babban kamfani a kanta. Na ɗauka na danna wayoyin, wallahi kamar ina danna igiyar shanya ta ƙarfe, nan take kan yatsana ya yi shati. Na ce haka suke duka? Ya ce haka jita take, hannu ne zai saba. Na ce a jona min in ji, ya ce ba wuta, kuma ba zai tayar da janareta don gwaji ba. Sai na ji hankalina bai kwanta ba, na fito da kuɗina.

Ga halin da nake ciki. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya, bangonmu ɗaya da wata tsohuwa da ke kwanciya da an idar da isha'i, kuma ina ganin girmanta ƙwarai. Wuta kuwa kun san yadda take, wani lokacin sai mu kwana biyu ba mu gan ta ba. Daga kasuwa sai bayan la'asar nake tashi, don haka da dare kawai nake da sukuni.

To in koma in ɗauko ta kwalin nan, ko in nemi ta hannu? Nawa ya kamata in zuba a jita, nawa a amfilifaya? Kuma wat nawa, wato ƙarfin amfilifaya, zai ishe ni? Mai shagon ya ce duk abin da bai kai wat 40 ba wasan yara ne. Kuɗin nan gumina ne, ba na son in zubar da shi a banza.

Baba Jenta:

Sannu ɗana. Ka yi dabara da ka fito da kuɗinka. Jitar da ba a jona maka ka ji da kunnenka ba, cinikin biri a sama ne ko da tana hannunka.

Ni tun 1989 nake kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, kuma yaran da suka bi ta hannuna suna da yawa. Waɗanda suka watsar, akasarinsu ba basira suka rasa ba, jitar ce ta kore su. Maganar mai shagon nan rabinta gaskiya ce. Kan yatsu zai yi zafi na 'yan makonni kafin ya yi kanta, wannan kowa ya sha shi. Amma zafin koyo daban, zafin jitar da wayoyinta suka yi nisa da wuya daban. Na biyun nan ba ya wucewa, sai dai ka rataye ta a ƙusa ta zama gidan gizo-gizo.

Bari in koya maka yadda nake dubawa, ka riƙe shi ko a wane shago ka shiga.

Ka ga ƙananan ƙarafan nan da aka gindaya a wuyan jita, furet muke ce musu. Ƙirga daga sama zuwa na 12, galibi za ka ga ɗigo biyu a wurin. Ka haɗa katin ATM guda uku, ko katin zaɓe da makamantansu, ka zura su tsakanin ƙarfen nan na 12 da waya mafi kauri. Katin uku kaurinsu milimita biyu ne da 'yan kai, kuma jitar wuta mai kyau tazararta ba ta wuce hakan. Idan ka ga har na huɗu da na biyar za su shiga, wayoyin sun yi sama. Wani lokacin ana iya gyarawa: a sauke mazaunin wayoyin, ko a taɓa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da alanki. Amma kafin ka yarda da haka, ka ɗaga jitar ka kanne ido ɗaya ka hangi wuyan daga kai zuwa gindi, yadda kafinta yake duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai. Idan kuwa ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta ka yi sallama. Wannan ba shi da magani.

Bayan haka, ka sa manhajar saita jita a wayarka tun daga gida, akwai na kyauta da yawa. Saita wayoyin shida, daga mai kauri: E, A, D, G, B, E. Kaɗa waya a sake, sannan ka danne ta a furet na 12 ka sake kaɗawa. Dole manhajar ta nuna maka harafi ɗaya, allurar tana tsakiya ko dab da tsakiya. Idan ta kauce sosai a kan kowace waya, duk yadda ka iya kiɗa za a riƙa jin kamar ka yi kuskure. Sannan ka bi kowace waya furet bayan furet har ƙasa. Gaskiya, zai ɗauke ka minti goma, mai shago zai ɓata rai, ka ƙyale shi. Kana neman inda sautin yake mutuwa ko yake zizar ƙarfe. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu ka ji ko bakin ƙarafan yana karta. Ka murɗa kunnuwan ɗaure waya ka ji ko suna santsi ba su kamawa.

Maganar kuɗi kuwa, kashi biyu cikin uku ka zuba a jita, ko ma fiye. Amfilifaya kana iya canja ta baɗi, amma jita ita ce hannunka zai zauna da ita kullum. Waɗanda na yarda da su ga mai koyo su ne Yamaha Pacifica 012, da Squier, wadda ƙaramar Fender ce, kamfani ɗaya ne, sai Cort da Ibanez GIO. Sababbinsu yadda dala take yanzu za su fi ƙarfin aljihunka, don haka nemi ta hannu. A Jos wannan ba wuya. Majami'u suna canja kayan kiɗa, ɗaliban jami'a idan sun gama sukan sayar da nasu kafin su tafi bautar ƙasa. Tsohuwar Pacifica mai ƙujewa a jiki ta fi sabuwar kwalin nan sau goma. Babban sunan da ka gani a kanta kuwa, da ta asali ce, ita kaɗai ba amfilifaya ta ninka kuɗinka.

Tunda sautin Agadas kake so, nemi mai siffar Stratocaster, wadda take da siraran maganaɗisu a ƙarƙashin wayoyi. Su ne ke ɗaukar sauti, fikof ake ce musu, kuma siraran su ne ke ba da kaifin nan da ya tsayar da kai a kasuwa. Mdou Moctar na Nijar irin ta yake kaɗawa, da hagu ma. Pacifica tana da sirara biyu da mai faɗi ɗaya, ka ga ta haɗa maka duka. Irin su Epiphone Les Paul suna da kyau, amma muryarsu mai kauri ce kuma sun fi nauyi a kafaɗa, ba su kake nema ba.

Idan ka samo wadda ta kwanta maka, kada ka biya. Turo min saƙo, ka ce wa mai ita ya zo da ita, in duba maka. Ba ko sisi.

Mai Gyaran Rediyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Baba ya gama magana a kan jita, ni bari in taɓa ɓangarena, don shekarata 18 ina gyaran rediyo da amfilifaya a Bauchi Road.

Batun wat 40 ɗin nan, rabu da shi. Kunne ba ya jin ƙara yadda ake ƙirga wat. Idan ka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan za ka ji. Kafin ka ji ƙara ta ninka a kunnenka, sai ka ninka wat kusan sau goma. A ɗaki ɗaya, amfilifaya mai wat 10 ko rabi ba za ka buɗe ta ba tsohuwar nan za ta farka. Mai wat 40 ta masu kiɗa da ganga ce a biki ko majami'a. Kuma da yawan waɗanda ake haɗawa a kwali, na sha buɗe su, abin da aka rubuta a gaba daban, abin da ke ciki daban.

Da yanayin wutarmu, ni mai batir zan ce ka nema. Akwai Blackstar Fly 3, wat 3 ce, tana cin batir ɗan yatsa guda 6. Akwai Boss Katana Mini, wat 7, ita ma batir 6. Dukansu suna da ramin sa iyafis. Idan kuɗi bai kai ba, akwai wata 'yar ƙarama da ba ta cika tafin hannu ba, Vox amPlug, a jikin jitar ake soka ta kai tsaye, ka sa iyafis, batir biyu ƙanana take ci. Ba ta da lasifika ko kaɗan, kai kaɗai ne za ka ji. Ga mai kiɗan dare a gidan haya, ban ga abin da ya fi ta ba. Ka sayi batir mai caji, ya fi maka sauƙi. Idan kuwa ka fi son ta wuta, Fender Frontman 10G ta isa, ita ma tana da wurin iyafis.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake rubutun nan. In za ka sayi amfilifaya ta hannu wadda aka shigo da ita daga waje, juya bayanta ka karanta kafin ka jona. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. Watan jiya wani yaro ya kawo min wata da yayansa ya aiko masa daga can, kyakkyawa, ko ƙura ba ta yi ba. Da murna ya sa mata adafta ya soka a bango. Ya ce ya ji "fat", sai hayaƙi. Da na buɗe, taransifomar ta ƙone, ga warin nan da ba ya ɓuya. Yaron nan ya tsaya a gaban teburina idonsa ya cika da hawaye, ni ma abin ya taɓa ni, don ko sau ɗaya bai ji muryarta ba. Idan ka ga an rubuta 120V kawai, sai da taransifoma mai rage wuta. Idan an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, ba matsala.

Abu na biyu, kada ka yarda kowa ya karya maka ƙafa ta uku ta filogi, ita ce as, mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Wayoyin jitar wuta a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. Idan wani abu ya lalace a ciki kuma ba as, ta hannunka wutar za ta bi. Gidajenmu da yawa ba a yi musu as ba, shi ya sa za ka ji wasu suna cewa jita tana ɗan jan su, musamman in suna tsaye ba takalmi a kan siminti. Mai batir ta raba ka da wannan duka. Ƙugin nan "zzzz" da siraran fikof suke yi kuwa, ɗabi'arsu ce, yana ƙaruwa kusa da cajar waya da wasu ƙwayayen fitila, yana raguwa in ka taɓa wayoyin. Ba lalacewa ba ce.

Kuma kada ka ce za ka jona jitar a rediyon ɗaki ko sifikar Bluetooth don ka huta da sayen amfilifaya. Za ta yi magana, amma ƙasa-ƙasa, ba armashi, don ba a yi ƙofar shigar sautinsu domin jita ba.

Anti Bukuru:

Baba, a gafarce ni, ni ina da ja kaɗan.

Ƙanena, ni malamar firamare ce, kuma da jita mai rami nake koya wa yara waƙa, wadda ba ta neman wuta ko batir ko kebul. Da kuɗinka za ka iya neman Yamaha F310, ka riƙe canjin sayen wayoyi, shi ke nan an gama. Ba abin da zai ƙone, ba batir da zai mutu maka ana tsakiyar daɗi. Ranar hutu ka rataya ta ka hau dutsen Shere ka yi ta kiɗanka. Buzayen da kake sauraro ma ai suna kaɗa mai ramin sosai, da ita suke hira a gindin wuta. Ina tsoron mai koyo ya shagala da murɗa maɓallai yana neman sauti, hannun kuwa bai koyi komai ba. Marigayi Ɗan Maraya, Allah ya jiƙansa, a garin nan ya zauna har ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal, kuma duniya ta san shi da ita.

Idan zafin yatsa kake gudu, akwai mai wayoyin roba irin Yamaha C40, tana da laushi, sai dai wuyanta yana da faɗi kuma sautinta ba shi da kaifin da kake so. Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa ɗaura wa irin wannan wayoyin ƙarfe, ba a yi ta don ɗaukar ƙarfinsu ba, za su ɓamɓare mata mazauni.

Ko wacce ka saya dai, ka kiyayi hunturun Jos. Tawa ta farko a jikin bango kusa da taga nake rataye ta. Wata safiya a watan Janairu na ɗauko, na tarar fuskarta ta tsage daga ƙasan mazaunin wayoyi, tsaga siririya kamar gashi amma tsawon ɗan yatsa. Iska ce ta busar da katakon. Na yi baƙin ciki ƙwarai, don da albashina na farko na saye ta. Tun daga nan a jaka nake ajiyewa, in jiƙa ɗan soso in matse shi sosai, in sa a robar sabulu mai huji-huji in jefa ciki. Da damina kuma, Yuli da Agusta, tsatsa ce abokiyar gaba. Goge wayoyin da busasshen ƙyalle duk sanda ka gama.

Bature Kubwa:

Ni a Abuja nake. Abu ɗaya zan ƙara: kada ka tura wa kowa kuɗi a Facebook ko WhatsApp don ka ga hoton jita, ko da ya ce daga kasuwar Alaba ta Legas zai sa maka a mota. Sai ka gani ka taɓa. Kuma ka ware kuɗin sababbin wayoyi, ta hannu kusan kullum da tsofaffi take zuwa. Ka ce a ba ka mai lamba 9, wato masu lambar kauri 9 zuwa 42, su ne masu taushi ga sabon hannu.

Baba Jenta:

'Yata, ba ki yi laifi ba, maganar hunturu ma na gode da kika tuna masa, ni na manta. Ta wutar ma hunturu yana taɓa ta, katakon wuyan yana tsukewa sai bakin ƙarafan ya fito yana karta hannu.

Amma ki sake karanta abin da ya rubuta. Da dare yake da lokaci, ga tsohuwa a bayan bango. Mai rami ba a rage mata murya, yadda aka yi ta haka za ta yi magana, kuma ƙarfe goman dare F310 har tsakar gida za a ji ta. Ta wuta kuwa in ba a jona ba, raɗa take yi. Ya sa iyafis, ya yi awa biyu ba wanda ya sani. Wayoyinta ma sun fi na mai rami sirantaka da taushi. Sannan yaron nan wani sauti ya ji ya tsaya cak da biro a hannu. Na ga yara da yawa da aka ce musu "fara da wannan tukuna", suka fara da abin da ba sa so, ba su kai ga wanda suke so ba. A ba shi abin da ya kira shi.

Ɗan Farin Gada:

Na dawo da labari, kuma na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Ta hannun wani ɗan ƙungiyar su Baba aka haɗa ni da wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma gida. Pacifica ce baƙa, fentin ya ɗan ɓare a gefen da gwiwar hannu ke zama, kuma ba ta da jaka. Ranar Asabar muka kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya ɗaga ta ya hangi wuyan, ya karɓi katunana uku ya zura, suka shiga da ƙyar. Ya ce in riƙe ta in danna da kaina. Na danna, sai na ji wayar ta kwanta ba gardama, ashe haka abin yake. Sannan ya jona ta ya kaɗa wani abu na minti ɗaya, ni dai tsigar jikina ta tashi. An daidaita a N150,000.

Maɓallin ƙara sauti yana ɗan ƙarƙar in an murɗa. Na kai wa Yaya Mai Gyaran Rediyo, ya fesa masa wani magani ya murɗa sau da yawa, ya daina, ya kuma ƙi karɓar kuɗina. Shi ne ya samo min 'yar ƙaramar nan ta sokawa a jikin jita, ta hannu, da batir masu caji. Na sayi wayoyi lamba 9 kamar yadda Yaya Bature ya ce. Abin da ya rage zan ba tela ya ɗinka min jaka mai soso a ciki kafin sanyi ya shigo. Anti, robar sabulun ma na tanada.

Yau kwana shida. Da safe na gaida tsohuwar nan na tambaye ta ko ina damun ta da dare, ta ce da me? Yatsuna uku sun yi ja, rubutun kwanduna ma da ɗan zafi nake yi in na riƙe littafin da hagu.

Baba, tambaya ɗaya. Wayar nan ta uku, G, da na saita ta na yi minti biyar sai in ga ta sauka. Sabuntar wayoyin ce, ko ni ne ban naɗe ta daidai a kunnen ba? Zagaye ɗaya da rabi kawai na yi mata.